Mowab: Garin Ma'adinai Da Ya Koma Cin Abinci Da Kekuna

Mu a nan mun san keke a matsayin abin sufuri. Manomi ya ɗora buhu ya kai kasuwa, malamin makaranta ya hau ya tafi ƙauyen da yake koyarwa, in an iso hawa mai tsauri kuwa sai a sauka a tura. To, akwai wani ƙaramin gari a jihar Yuta ta ƙasar Amurka inda mutane ke biyan kuɗin jirgi daga Turai da sauran sassan duniya musamman domin su je su nemi irin hawan da mu muke gudu. Sunan garin Mowab, suna ɗaya da ƙasar da Rut ta fito a cikin Littafi Mai Tsarki. Yana bakin kogin Kolorado, jajayen duwatsu sun kewaye shi, kuma a ƙidayar shekarar 2020 mutanensa ba su kai 5,400 ba.

Ba da keke garin ya fara suna ba. A shekarar 1952 wani masanin duwatsu mai suna Charles Steen ya tono ma'adinin yuraniyom mai yawan gaske a kudu maso gabas da garin, irin ma'adinin nan da aka san garin Arlit na Jamhuriyar Nijar da shi. Gwamnatin Amurka tana saye domin makamai, saboda haka jama'a suka yi ta kwarara. Garin da bai kai mutum 1,300 ba a 1950 ya haura 4,600 a 1960. Aka gina masana'antar tace ma'adinin a gefen kogi a 1956. Daga baya kasuwa ta faɗi, musamman bayan hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a 1979, har aka rufe masana'antar a 1984. Mutane suka yi ta kwashe kaya, gidaje suka rasa masu saye, kafin 1990 yawan jama'ar ya koma ƙasa da 4,000. Duk wanda ya ga yadda wasu garuruwan Filato suka zama bayan faɗuwar kasuwar kuza ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

A daidai wannan lokaci ne wani sabon irin keke ya shigo kasuwa. Wasu samari a Kalifoniya suka fara gyara tsofaffin kekuna a shekarun 1970 suna gangarowa da su daga kan tsauni, har aka kai ga keke mai faffaɗar taya, da birki mai ƙarfi, da giya da yawa wadda ke sa a hau tudu ba tare da an sauka ba. Kamfanin Specialized ya fara sayar da irinsa da yawa a 1981. A 1983 wasu 'yan'uwa biyu a Mowab, waɗanda harkar ma'adinai ta bar su ba aiki, suka buɗe shagon kekuna mai suna Rim Cyclery. Abin da ya taimake su shi ne akwai wata hanya a bayan gari da ke jiran irin wannan keke.

Hanyar ita ce Slickrock. Wani mutum mai suna Dick Wilson ya shata ta a 1969 domin masu ƙananan babura, kuma har yanzu babur yana da izinin binta. Tsawonta wajen mil 10 da rabi, kusan duka a kan falalen dutse, wato tsofaffin tuddan rairayi da suka daskare suka zama dutse. Babu turba da ido zai bi, sai ɗigon farin fenti da aka yi a kan dutsen. Sunan yana nufin dutse mai santsi, domin dawakan mutanen da, masu takalmin ƙarfe, sukan zame a kai. Amma ga tayar roba abin akasin haka ne: dutsen yana kama ta kamar sanfefa, har mutum ya iya hawa ko gangara wurin da in a kan ƙasa ne ba zai ko gwada ba. Wannan ne ya sa hotunan wurin suka cika mujallu, baƙi suka fara zuwa. Sai dai mil goman nan kan ci wa mai ƙarfi sa'a uku ko huɗu, hawa da sauka ba hutawa. Akwai wani ɗan zagaye na mil biyu da 'yan kai da aka ware domin gwaji. A ganinmu wannan suna na ruɗin baƙo, gama gajarta kawai ya yi, wuyarsa ɗaya ce da ta babbar hanyar.

Da Slickrock kaɗai garin ya dogara, da cinikin ya tsaya ga ƙarfafan samari. Dabarar da muka fi yabawa ita ce yadda gundumar, da hukumar kula da filayen gwamnati, da masu aikin sa kai suka yi ta buɗe hanyoyi daidai ƙarfin kowa, suka kuma sa musu alama irin wadda ake sa wa wuraren wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Koriyar da'ira na nufin hanya mai sauƙi, shuɗin murabba'i matsakaiciya, baƙin lu'ulu'u mai wuya, in kuwa lu'ulu'un biyu ne to sai gwanaye. Da haka uba da uwa da yara za su iya zuwa tare, su kama ɗaki, su ci abinci, su yi hayar kekuna, kowa ya sami inda zai bi.

Mai koyo yakan fara ne daga wurin da ake kira Bar M, wajen mil 11 arewa da gari, inda akwai zagaye na kimanin mil 8 a kan tsohuwar hanyar mota marar kwalta, ba hawa mai yawa. Haka nan a gandun Dead Horse Point akwai hanyoyi masu sauƙi da matsakaita a kan tudu, inda mutum zai tsaya ya hango kogin Kolorado ƙafa 2,000 a ƙarƙashinsa. A Klondike Bluffs kuwa hanyar tana wucewa ta gefen sawun manyan dabbobin nan na zamanin da, wato dainoso, da ya kafe a jikin dutse.

Ta gwanaye ita ce wadda ake kira Whole Enchilada. Mota ce ke kai mahaya can saman tsaunukan La Sal, su ƙarasa hawa zuwa wata mashiga mai tsayin sama da ƙafa 11,000, daga nan su yi ta gangara fiye da mil 25 har bakin kogi, wanda ke kan ƙafa 4,000. Ana farawa cikin dajin itatuwa masu sanyi a gama cikin hamada a yini guda. Dusar ƙanƙara kan rufe sashen sama har tsakiyar shekara, saboda haka 'yan watanni ne kawai ake samun binta duka.

Alamun nan ba ado ba ne. A hanyar Portal akwai wurin da turbar ta matse a bakin wani gangare mai zurfin kusan ƙafa 200, an kafa allo ana gargaɗin kowa ya sauka ya tura, domin mahaya uku sun mutu a wurin. Amma abin da ya fi yawan jefa mutane cikin wahala shi ne zafi da ƙishirwa. Ruwan saman da ake samu a shekara bai wuce inci 9 ko 10 ba, a watan Yuli zafi yakan haura digiri 38, kuma babu inuwa a kan falalen dutse. A watan Agusta na 1995 wasu samari biyu daga jihar Ayowa suka ɓata a yankin Porcupine Rim, ba a same su da rai ba. Shi ya sa ake ce wa kowa ya ɗauki ruwa wajen lita huɗu na yini, da hular kwano, da kayan faci da famfo, ya kuma faɗa wa wani inda ya nufa. Yawancin baƙi sukan zo ne a watannin Maris zuwa Mayu, ko Satumba da Oktoba.

Ƙasar ma tana biyan nata farashin. Tsakanin duwatsun akwai wani baƙin ɓawo a kan rairayi wanda baƙo zai ɗauka busasshen taɓo ne, alhali kuwa abu ne mai rai, tarin ƙananan halittu da gansakuka waɗanda ke riƙe ƙasa kada iska ta kwashe ta, suna kuma ba tsiro abinci. Taya ɗaya in ta bi ta kai, sai a yi shekaru da dama, wani lokaci gommai, kafin ya farfaɗo. Lokacin hutun Ista na 1993 taron matasa ya yi ɓarna sosai a filin da Slickrock take. Wannan ya sa a 1995 gundumar da hukumar filaye suka haɗa kai suka mai da wurin yankin shaƙatawa na Sand Flats, aka sa ƙofa da kuɗin shiga, aka keɓe wuraren kwana da makewayi, kuɗin kuma yana komawa wajen gyaran wurin.

Ba mu ce keke kaɗai ya ta da Mowab ba. Gandayen ƙasa biyu, Arches da Canyonlands, suna kusa, Arches kaɗai baƙinsa sun haura miliyan ɗaya da rabi a 2021, ga masu motocin shiga daji da masu kwale-kwale a kogi. Ba kuma kowa ne ya ji daɗin canjin ba. Aikin otal da na dafa abinci ba ya biya kamar na ma'adinai, yakan kuma yi ƙasa in sanyi ya shigo. Gidaje sun yi tsada har wasu daga cikin masu gyaran kekunan da masu share ɗakunan baƙi suna kwana cikin motocinsu. Tsohuwar sana'ar kuma ta bar nata gadon: tulin sharar yuraniyom ta wajen tan miliyan 16 a bakin kogi, daf da hanyar da mahaya ke bi su fita arewa. A 2009 aka fara kwashe ta da jirgin ƙasa zuwa wani rami da aka tanada a Crescent Junction, mil 30 daga garin.