Jiragen yaƙi da matsalar mai: me ya sa nisa ke wahalar da tsaron arewacin Tawa?

Jama'a masu saurare, da ƴan uwanmu da ke bida a Abijan, Legas ko Libiya, kun sha aiko muna da tambaya guda: in ƙasa na da jiragen yaƙi, don me ba su isowa da wuri sa'ad da aka kai ma ƙauye hari? Tambayar ba ta wasa ba ce. Ba mu manta ranar 21 ga watan Maris na 2021 ba, da ƴan bindiga bisa babura suka afka ma Intazayan, Bakorat da Wistan cikin gundumar Tilliya, gwamnati ta ce mutum 137 suka rasu. Allah Ya jiƙan su. Yau za mu duba ɓangare ɗaya na amsar, wato nisa da mai.

Mu fara da lissafin hanya. Manyan sansanonin sojan sama na ƙasarmu su ne na 101 a Yamai da na 201 a Agadas. In aka ja layi miƙe ta sama, daga Yamai zuwa Tilliya kusan kilomita 400 ne, daga Agadas kuma wajen 350. Kun ga ke nan arewacin jiharmu ya faɗo tsakiya, kowane gefe da nisa. Jirgin da ya taso daga Yamai sai ya tanadi man zuwa da na komawa, kilomita 800 ke nan, tun bai yi kewaye ko ɗaya ba bisa wurin da ake nemansa.

Jirgin yaƙi kuwa kamar doki ne: ga gudu, ga saurin jin ƙishirwa. A 2013 Nijar ta sayi jirage biyu samfurin Su-25 daga Yukren. Ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyat ce, wadda ta shiga aiki tun 1981. Jirgi ne mai ƙarfi, yana ɗaukar makamai wajen tan 4, gudunsa na kaiwa kilomita 950 cikin awa. Amma duk nauyin da aka ƙara mashi, mai ke biya. Man ma ba isansi ko gazuwal ba ne, wani tataccen kananzir ne. In ya yi ƙasa, dole matuƙi ya juya, ko da aiki bai ƙare ba.

To yaya manyan ƙasashe ke yi? Suna ba jirgi mai yana cikin tafiya. Akwai wani babban jirgi wanda aikinsa dakon mai kawai, kamar tankar da ke tashi sama. Hanya biyu ake bi. Ta farko, jirgin dakon ya saki doguwar tiyo ta baya, bakinta da wani abu kamar kwando. Jirgin yaƙi ya matso a hankali, ya soka ɗan bututunsa cikin kwandon, mai ya kwarara. Ita Faransa ke amfani da ita ga jiragenta Mirage da Rafale. Ta biyu, bututu ne mai tauri kamar sanda, wanda wani ma'aikaci cikin jirgin dakon ke saitawa har ya shiga bakin tankin ɗayan jirgin. Sojan saman Amurka sun fi bin wannan. Ku tuna duka jiragen biyu gudu suke na ɗaruruwan kilomita cikin awa, tsakaninsu ƴan mitoci. Shi ya sa sai matuƙin da ya sha horo.

Mun ga amfanin abin nan kusa da mu. Ranar 13 ga Janairun 2013, jiragen Rafale huɗu sun taso daga Faransa, suka kai hari kewayen Gawo a Mali, suka sauka Njamena a Cadi. Sun yi fiye da awa 9 a sama ba su taɓa ƙasa ba, don sau biyar aka ba su mai a hanya. Jirgin dakon mai na zamani, A330 MRTT, yana ɗaukar tan 111, abin da zai cika manyan tankokin mota uku zuwa huɗu. Sai dai tsadarsa ta sa ƙasashe kaɗan ke da irinsa a Afirka: maƙwabciyarmu Aljeriya na da samfurin Il-78, Maroko na da KC-130. Su-25 irin namu ma ba a ƙera shi da bututun karɓar mai a sama ba.

A da, jiragen Faransa da ke Yamai suna da masu ba su mai. Sojojin Faransa sun fice a watan Disamban 2023, na Amurka kuma suka kammala fita a Satumban 2024. Yanzu nauyin sararin samanmu ya koma kanmu.

Wace hanya ta rage? Ta farko ita ce jirgi maras matuƙi, wanda jama'a ke ce ma dron. A 2022 Nijar ta karɓi Bayraktar TB2 guda shida daga Turkiyya. In jirgin yaƙi doki ne, wannan raƙumi ne: yana iya wuce awa 24 a sama bai sha ba. Amma tafiyarsa sannu ce, wajen kilomita 130 cikin awa, kayan da yake ɗauka bai wuce kilo 150 ba, kuma masu tuƙa shi daga ƙasa suna buƙatar kasancewa cikin tazarar kilomita 150 zuwa 300, gwargwadon na'urorinsa. Tafiyar kilomita 400 za ta ci mashi awa uku. Daga Tawa, wadda ke da filin jirginta, zuwa Tilliya wajen kilomita 150 ne, awa guda da ƴan mintoci. Wannan shi ne darasin: wanda ba ya iya kai ma jirgi mai a sama, sai ya kawo filin sauka da ma'ajiyar mai kusa da inda wuta take.

Hanya ta biyu ita ce jiragen dako. Amurka ta ba Nijar C-130 guda uku, na farko ya sauka Yamai a Janairun 2021. Ba su harbi, amma su ke kai sojoji, abinci da kayan aiki nesa, su kwaso waɗanda suka ji rauni, kuma suna iya sauka filin da babu kwalta. Ta uku ita ce haɗa ƙarfi: a Janairun 2025 ministan tsaro Janar Salifu Modi ya sanar da rundunar ƙawancen AES ta mutum 5,000 tsakanin Nijar, Mali da Burkina Faso, wadda za ta samu nata kayan sama.

Sabunta jirage ba ya tsayawa ga saye. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Jirgi na son kayan gyara, makanikai, matuƙa da horo na shekaru. In ɗaya ya ɓace, sai jirgin ya kwanta kamar motar da ta rasa taya a gareji.

Akwai kuma abin da ya fi shafar mu talakawa. Ido daga sama ba kullum yake bambanta taron biki da taron ƴan bindiga ba. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamban 2023, dron ɗin sojan Najeriya ya faɗa ma masu Maulidi bisa kuskure, hukumomi suka ce aƙalla mutum 85 suka rasu. Mu da ke da kasuwanni, rijiyoyi da mashayar dabbobi daga Abalak zuwa Cintabaradan da Tasara, muna da dalilin son a riƙa tantance labari daga ƙasa kafin a harba daga sama. Ga mai taron suna, aure ko wa'azi a daji, sanar da hakimi da hukuma tun da wuri kariya ce.

Saboda haka in kun ji an ce an sayo sabon jirgi, ku tambaya: daga ina zai tashi, minti nawa zai yi kafin ya iso mu, awa nawa zai iya tsayawa, wa zai gyara shi? Amsoshin nan su ke nuna ko zai amfani mutanen Bakorat. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya maido ƴan bida gida lafiya.