Kayan wasan yara: ina za a ajiye su a gidan da ba shi da ɗakin yara?

A gidaje da dama na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, kayan wasan da aka saya wa yara da salla ba sa kai wata guda da ransu. Mota ta rasa ƙafa, ƴar tsana ta rasa hannu, bindigar ruwa ta tsage. Iyaye kan ɗora laifin a kan rashin ƙwarin kayan, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai kafin rashin ƙwari ya kashe su, rana da ƙura da ƙafar manya sun riga sun yi rabin aikin, domin kayan ba su da wurin kwana. Inda yaro ya gaji, nan yake yar da su, nan kuma suke wuni.

Maganar ta shafi kusan kowane gida, tunda wajen rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ta shafi aljihu ma. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar jika 42 ne na sefa a wata tun farkon 2024, kuma yawancin kayan wasan roba da ke babbar kasuwar Yamai ko kasuwar Dole ta Damagaram daga ƙasar Sin suke fitowa, wasu ta tashoshin ruwan bakin teku, wasu ta Kano. Rufe iyaka da Benin a 2023 ya sa kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada. Abin da aka saya da irin wannan wahala bai kamata ya mutu cikin sati biyu ba.

Hotunan da ake gani a Facebook da TikTok, na ɗakin yaro mai kantoci jere da akwatuna launi-launi, an ɗauke su ne a gidajen da kowane yaro ke da ɗakinsa. A nan magidanci na iya zama da iyalinsa a ciki da falo na haya, tsakar gida kuma ta kowa ce: nan ake girki, nan ake wanki, nan akuya ke ɗaure. Tsarin da zai yi aiki a irin wannan gida dole ya fito daga abin da gidan ke da shi.

A fara da ragewa

Kafin a nemi mazubi, a tattara kayan duka a kan tabarma a duba su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fashe har ya yi kaifi, ya tafi shara. Abin da yaro ya girme, a ba ƙaninsa ko ɗan maƙwabta. Abin da ya rage a raba shi biyu: kashi ɗaya ya zauna a hannun yara, ɗayan a ɗaure shi a ɓoye. Bayan sati biyu ko uku sai a musanya. Yaro ƙarami kan karɓi motar da ya kwana ashirin bai gani ba kamar yau aka sayo ta, kuma uwa ta huta da kukan sai an saya sabuwa.

Akwai binciken da ya goyi bayan wannan dabara. Masana a jami'ar Toledo ta jihar Ohio a Amurka sun wallafa sakamakonsa a 2018. Sun sa yara 36, masu wata 18 zuwa 30, su yi wasa sau biyu: sau ɗaya da kayan wasa 4, sau ɗaya da 16. Da kayan suka zama huɗu, yaran sun fi daɗewa a kan kowanne, sun kuma fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. Binciken ƙarami ne, amma duk wadda ta yi reno ta san yaron da aka jibge wa kaya ba ya zama a kan ko ɗaya: ya ɗauki wannan, ya jefar, ya nufi wancan.

Mazubin da ke gida tun tuni

Abin da ya fi sauƙin samu shi ne bidon man girki, jarkar nan ruwan ɗorawa mai lita 20 ko 25. A yanke samanta da wuƙa, a goge bakin da dutse ko a ɗan gasa shi don kada ya yanki hannu, a wanke da omo, a huda ƙasan wuri uku ko huɗu. Ta zama akwati wanda gara ba ta ci, ruwa ba ya ɓata shi, yaro ɗan shekara uku kuma yana iya jan abinsa. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba na wasa ba: jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, gazuwal, man inji ko maganin feshin gona ba ta shiga wannan aiki ko an wanke ta sau goma. Roba na shan irin waɗannan sinadarai, kayan wasa kuma a bakin yaro suke ƙarewa. Idan za a sayi jarka a kasuwa, a tambayi abin da ta ɗauka, a kuma shinshina.

Buhun shinkafa mai kilo 25 ko 50 shi ma yana da amfani, musamman a ɗakin da ƙasa ta cika. Tela na iya ɗinke shi ya yi masa aljihuna huɗu ko shida, a rataye a bango ko bayan ƙyaure da ƙusa biyu. Ragowar atamfa na yin wannan aiki har ya fi kyau a ido. Wannan ba sabon abu ba ne a gidan Bahaushe. Kakanni sun daɗe suna rataye ƙwarya a ragaya don su tserar da ita daga kaji da tururuwa, kuma ragaya na nan na iya ɗaukar ƙwallo, abin da ba ya zama lafiya a cikin kowane mazubi.

Kwali kyauta ake samunsa a wajen mai shago, amma na ɗan lokaci ne. Idan ya zauna a ƙasa, gara ta same shi. Idan damina ta shigo, ya jiƙe ya yi fumfuna. Wanda ba shi da wani abu sai kwali ya ɗora shi a kan bulo biyu da katako. Kwandon kaba da adudu sun fi shi daɗewa, iska na ratsa su, kuma kuɗinsu a hannun masu saƙa na gida yake tsayawa.

Akwatin ƙarfe, irin wanda maƙera ke bugawa a kasuwar Katako ta Yamai da sauran manyan kasuwanni, ya dace da kashin da aka ɓoye. Bai dace da kayan yau da kullum ba. Murfinsa mai nauyi ne, yana iya faɗowa a kan yatsu ko wuyan yaron da ya leƙa ciki, kuma babban akwati na jan hankalin masu wasan ɓuya, alhali iska ba ta shiga. Haka nan kafur da ake zubawa a akwatin tufafi don korar ƙwari: fari ne, dunƙulalle, kamar alewa, kuma guba ne ga yaron da ya haɗiye shi. Kada ya kwana wuri ɗaya da kayan wasa.

Na ƙasa da na sama

A gidan da ke da ɗan shekara bakwai da mai rarrafe, tsari mafi muhimmanci shi ne na tsawo. Abin da kowa zai iya taɓawa ya zauna ƙasa, inda hannun ƙarami ke kaiwa. Maria Montessori, likita ƴar Italiya da ta buɗe gidan renon yara na farko a birnin Rum a 1907, ta gina hanyar koyarwarta a kan haka: kanta gajera, kowane abu da wurinsa, yaro ya ɗauka da kansa ya mayar da kansa. Ba a bukatar kafinta don a yi koyi da ita. Katako ɗaya a kan bulo ya wadatar.

Abin da ya kamata ya hau sama shi ne duk wani ƙaramin abu da zai iya shiga maƙogwaro. Ƙa'idojin Turai da Amurka na auna wannan da wani bututu mai faɗin santimita 3 da ɗan ɗori: abin da ya shige ciki ba a ba yaron da bai kai shekara uku ba. Shi ya sa ake ganin da'ira ja a jikin wasu kwalaye, da fuskar jariri da lambar 0-3, an ja layi a kai. Ƙwandalar dala ɗari ma ba ta kai wannan faɗi ba, balle ƴaƴan lido, duwatsun ƴar carafke, murafun kwalba da tayoyin ƙananan motoci. Ga mai son ma'auni a gida, bakin jarkar da aka yanke ya isa. Ya ɗan fi bututun faɗi, don haka duk abin da ya wuce ta cikinsa a zuba shi a gwangwanin madara mai murfi, a ɗora inda sai babba ke kaiwa.

Biyu sun fi sauran haɗari. Na farko shi ne ƙaramin pil mai siffar maɓalli, wanda ake sa wa agogon yara, wayar wasa mai kiɗa da takalmi mai walƙiya. Idan ya maƙale a hanyar abinci yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu kacal, ko da ƙarfinsa ya ragu har ba ya kunna abin wasan. Kayan kirki suna da ƙaramin noti a murfin pil ɗin. Masu arha da yawa ba su da shi, yaro na buɗewa da farce. Irin waɗannan a naɗe murfin da salatif mai ƙarfi, ko a cire pil ɗin gaba ɗaya. Idan ana zaton yaro ya haɗiye, ba a sa shi amai, ba a jira a ga alama. Gidan likita ake nufa nan take. Na biyu shi ne balan-balan. Wanda ya fashe ko wanda ba a hura ba yana liƙewa a maƙoshi ya toshe numfashi, kuma yana da wuyar cirowa. Guntayensa a share su da zarar ya fashe.

Leda ma ba mazubin kayan wasa ba ce, ko da ita ce ta fi kusa da hannu. Dokar 2014 ta haramta ledoji marasa kauri a Nijar, amma kowa na ganin yadda suka cika gari, kuma yaro na iya kifa ta a kansa.

Kowane yanayi da nasa ɓarna

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce maki 40, robar da ta wuni a rana tana kodewa ta yi gautsi, sai ta fashe da ɗan takawa. Mazubin ya zauna ƙarƙashin rumfa ko a zaure. Da hunturu kuwa ƙura ce matsala, kuma tsohon zane da aka rufa a kai ya isa maganinta. Abin da jariri ke kaiwa baki a wanke shi da ruwa da sabulu a kai a kai, a shanya a inuwa. Bayan wankin a zubar da ruwan bokitin, don mai tatata na iya faɗawa da ka ya kasa fitowa.

Damina ta fi bukatar lura. Tsohuwar tayar da yara ke gare da ita, ƴan tukwanen tuwon ƙasa, gwangwanaye, duk suna tara ruwan sama, kuma sauro na iya kammala girma daga ƙwai cikin kwana goma ko ƙasa da haka. Dalilin huda ƙasan jarka ke nan. Taya a shigar da ita ƙarƙashin rufi. Mazubin da ya kwana a waje kuma, babba ya zazzage shi a ƙasa da safe kafin yaro ya cusa hannu, saboda kunama na son wuri mai duhu da sanyi.

Kayan wa, kuma wa zai kwashe?

A gidan yawa, rabin rigimar yara a kan mallaka take, wani lokaci har ta tsallaka zuwa ga iyayensu mata. Mazubi ɗaya ga kowane yaro, ko aƙalla ga kowane ɗaki, yana rage wannan. Wanda bai iya karatu ba a ɗaura wa nasa ƙyalle mai launi dabam. Ban da su a samu kwando ɗaya na kowa da kowa a tsakar gida, a zuba ƙwallo da abubuwan da ba za a yi baƙin ciki ba idan sun bi ƴaƴan maƙwabta sun fita. Ba za a hana yaran unguwa shigowa ba, bai ma kamata ba. Wasu iyaye, don gudun asara, sukan ɗora ƴar tsana mai tsada a saman kabad cikin kayan jere, yarinya na kallonta daga nesa har ta wuce shekarun wasa da ita. Wannan ajiya ce da ba ta amfani kowa ba.

Akwai kuma kayan da ba a saya ba, waɗanda tsintsiya ta fi yi wa ɓarna: motar langa-langa da aka ƙera da gwangwanin tumatir da tsohon silifa, motar kara, keken waya, shanun yumɓu. Yaro na iya kwana uku yana haɗa mota, safiya ɗaya mai shara ta kwashe ta da bola. Waɗannan sun cancanci wuri kamar na kanti, ko ma fiye, tunda a nan yaro ke koyon awo da haƙuri da gyara. A dai duba bakin langa-langar, a danne kaifinsa da guduma.

Sai maganar lokaci. Gidajen Hausawa na da shi tun asali: gab da magariba, lokacin da ake kiran yara su shigo. Minti biyar kafin kiran salla sun isa kowa ya mayar da nasa. Ɗan shekara biyu na iya jefa abu a jarka idan aka nuna masa, ɗan shekara biyar na iya rabe na sama da na ƙasa. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne kada aikin ya koma kan ƴaƴa mata kaɗai, kamar yadda ya saba faruwa, su kwashe nasu su kwashe na ƴan'uwansu maza. Wanda ya bar motarsa a tsakar gida, sai a ɗauke ta a sa cikin akwatin da aka ɓoye, ya jira ranar musanya ta gaba.