Tuƙi Yakan Tona Asirin Mai Gyangyaɗi

Da kaka ta yi, motoci sukan kwana bisa hanya suna jigilar hatsi da doya zuwa kasuwa, mu kuma muna ciki tare da kayanmu. Da wuya direba ya ce barci yake ji, amma tuƙinsa yakan faɗa.

Mai tuƙi a farke kullum yana ɗan motsa sitiyari kaɗan-kaɗan. In gyangyaɗi ya kama shi, sai hannunsa ya tsaya cik, mota ta karkata gefen kwalta, sa'an nan ya fizgo ta da ƙarfi. Gudunsa kuma yakan ragu, ya ƙaru, ba dalili.

Masu ƙera motoci sun lura da haka. A 2007 kamfanin Volvo ya fito da na'ura mai duban yadda mota ke bin layin titi. A 2009 Mercedes-Benz ya kawo mai auna motsin sitiyari. In ta ga alamun barci sai ta yi ƙara. Tun Yulin 2024 Tarayyar Turai ta wajabta irin wannan na'ura a sababbin motoci.

Yawancin motocin ƙauyukanmu ba su da ita, saboda haka wanda ya zauna gaba sai ya sa ido. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Runtsawar daƙiƙa 3 ta isa ta kai mu rami.

Jama'a, in kun ga alamun nan, kada ku ji nauyinsa. Goro ba ya biyan bashin barci. Ku roƙe shi ya tsaya, ya ɗan kwanta. Kasuwa za ta sake ci.