Agogon nutso a ƙasar da ba ta da teku

Daga Tamaske zuwa gaɓar teku mafi kusa, wato wajen Ikko ko Kwatano, akwai tafiyar kusan kilomita 1000. Duk da haka, wanda ya zauna cikin kasuwar garin ya dubi hannuwan dattawa da fatake, ba zai rasa ganin wani agogon ƙarfe mai kauri ba, mai zobe kewaye da gilashinsa, wanda aka rubuta wa cewa yana jure zurfin ruwa mita 150 ko 200. Masu ninƙaya ƙarƙashin teku aka ƙera wa irin wannan agogo. Mai karatu na iya tambaya: ina ruwan mutumin Adar da kayan masu nutso, shi da babban ruwan da ya sani bai wuce tabkin Keita ko na Tabalak ba? Tambayar ta cancanci amsa, domin kuɗin gumi ne ake sawa cikin wannan kaya, kuma jabunsa ya fi na ƙwarai yawa.

Masana ƙasa sun tabbatar da cewa miliyoyin shekaru da suka wuce teku ya taɓa rufe Adar Dutsi, har yau ma ana tsintar kwasfar halittun ruwa cikin farin dutsenta. Amma ba wannan ne dalilin zuwan agogon ba. Dalili shi ne tafiya. Mutanen Tamaske da na gundumomin Keita, Buza da Madawa sun daɗe da shahara wajen fatauci da tafiya bida zuwa Najeriya da Kodebuwa da sauran ƙasashe. Ɗan bida in zai komo gida, rediyo da agogo suna cikin abin da yake riƙowa don a san bai yi zaman banza ba. Alhazai kuma suna kawo nasu daga Makka da Jidda, shi ya sa ake samun tsofaffin agogon Seiko masu nuna ranakun mako da rubutun Larabci.

Sai a fara da bayanin yadda agogon yake aiki, don a nan ne darajarsa take. Agogo mai wana kansa ba ya cin batir, wanda a nan aka fi kira pil. A cikinsa akwai wata siririyar wayar ƙarfe a naɗe, ita ce ma'ajiyar ƙarfinsa. A bayan injin kuma akwai wani rabin faifai mai nauyi wanda ke juyawa duk sa'ad da hannun mai shi ya motsa. Juyawar nan ita ke ƙara naɗe wayar, ita kuma tana warwarewa sannu a hankali tana tura ƙananan ƙafafu masu haƙora har zuwa hannuwan agogon. Manomi yana huɗa, agogonsa na cika. Ɗan kasuwa yana ƙirga kuɗi, agogonsa na cika. In aka cire shi aka aje, zai ci gaba da tafiya wajen awa 40 kafin ya tsaya. Wani Baturen Ingila mai suna John Harwood ne ya fito da agogon hannu mai wana kansa cikin shekarun 1920, sa'an nan kamfanin Rolex ya kawo faifan da ke zagayawa gaba ɗaya a shekara ta 1931.

Agogon nutso kuwa, irin wanda aka sani yau, ya bayyana a 1953, lokacin da kamfanoni biyu na ƙasar Suwizalan, Blancpain da Rolex, suka ƙera nasu. Waɗannan kayan masu hali ne, sabon Rolex Submariner a yau miliyoyin sefa ake sayar da shi. Abin da ya sauko da agogon nutso zuwa hannun talaka shi ne aikin mutanen Japan. Kamfanin Seiko, wanda asalinsa kantin da Kintaro Hattori ya buɗe ne a birnin Tokiyo a 1881, ya fitar da agogonsa na nutso na farko a 1965, mai jure mita 150. Daga 1976 ya shiga ƙera wani mai faɗin jiki da inji mai lamba 6309, wanda masu sha'awa suka laƙaba wa suna kunkuru saboda siffarsa. A 1996 aka fito da SKX007, mai jure mita 200, da inji mai lamba 7S26. Wannan ya shekara fiye da 20 ana ƙera shi kafin a daina, kuma duk inda aka yi zancen agogon nutso mai sauƙin kuɗi, shi ake fara ambata.

To, me ya sa ya dace da ƙasar tudu? Abin da ke hana ruwa shiga shi ne ke hana ƙura shiga. Agogo yana da ƙofa uku da ɓarna ke bi: gefen gilashi, murfin baya, da maɓallin da ake gyara lokaci da shi. A agogon nutso kowace ƙofa an sa mata zoben roba, murfin baya murɗa shi ake yi ya zauna daram, maɓallin ma murɗawa ake yi a kulle kamar murfin kwalba. Wanda ya san ƙurar hunturu a Adar, wadda ke shiga cikin akwati a kulle, ya san amfanin wannan. Ƙura in ta sami hanya, takan gauraya da man da ke cikin injin ta zama kamar dutsen washi, ta cinye ƙananan sandunan ƙarfe cikin ƴan shekaru. Ga kuma zufa a lokacin bazara, ga ruwan alwala sau 5 a yini, wanda ko an cire agogo an aje gefen buta sai ya fallatsa masa, ga mai lambun albasa da hannunsa ke cikin ruwa tun safe. Tun da aka soma babban aikin raya karkara na Keita a 1984, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO, aka gina madatsun ruwa cikin kwaruruka, masu aikin da ya shafi ruwa sun ƙaru a wannan yanki.

Zoben nan mai juyawa da ke kewaye da gilashi, wanda da yawa suke ɗauka ado ne, shi ma yana da aiki. An raba shi minti 60. Mai nutso yakan juya alamar zoben ta daidaita da dogon hannun agogo sa'ad da zai shiga ruwa, daga nan duk lokacin da ya duba ya san mintin da ya yi. Zoben agogon nutso na sosai ba ya juyawa sai gefe guda, wato saɓanin tafiyar hannuwan agogo, domin in ya goce bisa kuskure ya nuna lokaci ya fi yawa, mutum ya fito da wuri iskarsa ba ta ƙare ba. Masu lambu biyu da ke raba injin ban ruwa guda za su iya auna rabonsu da shi ba tare da gardama ba, haka malamin makaranta mai tsaron jarrabawa.

Sai dai akwai abin da bai kamata a ɓoye ba. Wajen faɗin lokaci daidai, agogo mai batir ya fi. Tun da Seiko ya fitar da agogon hannu na farko mai aiki da ƙwayar kwaz a ranar 25 ga Disamba 1969, gasar nan ta ƙare. Ƙaramin Casio na roba, irin F-91W da aka soma sayarwa a 1989, kuskurensa bai wuce daƙiƙa 30 a wata ba, alhali mai wana kansa yana iya yin gaba ko baya da daƙiƙa 20 ko 30 a yini guda. Wayar salula kuwa ta fi su duka. Saboda haka wanda bukatarsa sanin lokaci kawai, kada ya wahalar da aljihunsa. Abin da mai wana kansa ya fi su da shi shi ne tsawon rai. Ba ya jiran caji, ba a buɗe bayansa kowace shekara biyu don canza batir, kuma in ya tsufa ana kwance shi, a wanke, a sa mai, a mayar. Agogon da aka saya lokacin da ake haƙa ramukan dashen itace na farko a tsaunukan Keita yana iya kasancewa a hannun jikan mai shi yau.

Wannan ne ya sa wasu, a ƙasashe da dama, suka mai da tara irin waɗannan agogo abin sha'awarsu. Ba Seiko kaɗai suke nema ba. Akwai Orient, shi ma na Japan, da Citizen. Akwai kuma Vostok Amphibia, wanda aka ƙirƙiro a 1967 a garin Cistopol na tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Maƙeransa sun bi wata dabara ta daban: sun yi murfin baya da gilashin roba mai kauri yadda nauyin ruwa da kansa zai ƙara danne su, wato gwargwadon zurfi gwargwadon ƙarfin rufewa. Maɓallinsa in an kwance shi yakan yi lakab-lakab kamar ya karye, alhali haka aka yi shi da gangan don kada bugu ya kai ga injin. Kuskurensa na lokaci ya fi na Japan yawa, amma yana cikin mafi araha.

Ga mutumin Tamaske, tarin ba sai ya fara daga kanti ba. Yana iya farawa daga akwatin mahaifinsa. Tsofaffin agogon da suka tsaya aka jefa cikin kwalla tare da tsofaffin takardun haraji, da yawansu ba su mutu ba, mai ne ya bushe. Kuma Seiko yana faɗin shekarunsa ga wanda ya iya karatu. A murfin baya akwai lamba mai ɗauke da alƙaluma 6: na farko shi ne ƙarshen shekarar da aka ƙera shi, na biyu shi ne wata, daga 1 zuwa 9, sai harufan O, N da D na watanni ukun ƙarshe. Agogo mai inji 6309 wanda lambarsa ta fara da 3 da 5, a watan Mayu na 1983 aka yi shi. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya koyi harufa da alƙaluma, wannan ba zai gagare shi ba.

Karatun nan kuma shi ne garkuwar mai saye, don a nan ake cutar mutane. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Akwai agogon da ake bugawa da sunan Seiko ko Orient, da zanen zobe wanda ba ya juyawa, cikinsa kuwa ƙaramin inji ne mai batir. Akwai kuma wanda ya fi wannan wuyar ganewa: tsohon inji ne na gaske, amma an haɗa shi da jikin wani agogo, an sake fentin fuskar da launi mai ɗaukar ido. Irin wannan haɗe-haɗe ana yinsa da yawa a Indiya, ana watsa shi duniya. Mai saye ya fara duban hannun daƙiƙa. Na mai batir tsalle yake yi sau ɗaya kowace daƙiƙa, na mai wana kansa kuwa tafiya yake yi da ƙananan taku, a injin 7S26 taku 6 cikin daƙiƙa guda. Sa'an nan ya girgiza agogon kusa da kunne, zai ji faifan yana juyawa. Daga nan ya dubi ƙananan alƙaluman da ke can ƙasan fuskar agogon, ya gwada su da na murfin baya. Lambar injin dole ta zama ɗaya a wuraren biyu. A SKX007 na gaske, bayan yana ɗauke da 7S26-0020.

Rubutun zurfin ruwa ma yana ruɗin mutane. Agogon da aka rubuta wa mita 30 ba a nufin a shiga rijiya mai gaba 15 da shi. Fallatsin ruwa kawai yake jurewa. Mai mita 100 ana iya iyo da shi. Agogon nutso na sosai yana bin wata ƙa'ida ta duniya mai lamba ISO 6425, wadda ta shar'anta jure aƙalla mita 100, da abin auna mintin nutso, da fuskar da ake karantawa cikin duhu. Sababbin Seiko 5 Sports da aka fitar a 2019 sun ɗauki siffar SKX007, injinsu ma ya fi na da, tun da ana iya wana shi da hannu, amma maɓallinsu ba ya kullewa, kuma kamfanin bai kira su agogon nutso ba. Kaya ne masu kyau, sai dai kada a biya kuɗin wani abu a karɓi wani.

Abin da ya fi kashe waɗannan agogo a ƙasar zafi shi ne sakaci da zoben roba. Roba tana bushewa ta tsage, kuma zafin Adar yana gaggauta hakan. Agogon da ya shekara 10 ba a canza masa zobe ba, ko an rubuta masa mita 200, bai kamata a tsoma shi cikin ruwa ba. Alamar farko ita ce raɓa a cikin gilashi da safe. Wanda ya ga haka ya kai shi wurin mai gyara cikin kwana biyu, kafin tsatsa ta kama. Kada a kwance maɓalli hannu na jiƙe. Kada a aje agogo bisa rediyo ko kusa da lasifika, domin maganaɗisun da ke ciki yakan sa ya riƙa gudu da mintoci a yini. Kada kuma a canza kwanan wata tsakanin ƙarfe 9 na dare da 4 na asuba, lokacin da haƙoran da ke juya kwanan suke a sarƙe.

Saura zancen masu gyara, wanda shi ne ya fi damun duk mai irin wannan agogo. Tun da agogon batir da salula suka cika kasuwa, teburan masu gyaran agogo da aka saba gani a bakin tasha da kasuwanni sun ragu, samari kuma sun fi karkata ga gyaran waya. Canza batir aikin minti biyu ne, amma kwance inji mai ƙananan sassa masu ɗimbin yawa, a wanke kowane, a ɗiga mai da tsinin allura a kan duwatsunsa 21, wannan sai wanda ya zauna gaban maigida shekaru. Mai tsohon agogo a Tamaske sau da yawa sai ya ba wani ɗan'uwa mai tafiya Tawa, ko Maraɗi, ko Kano, ya kai masa. In zai ba da shi, ya rubuta lambar murfin baya a takarda ya aje, ya kuma roƙi mai gyaran ya maido masa da tsofaffin zoben robar da duk wani ƙarfen da aka cire.