Sayen Gida a Maiduguri: Wa Zai Duba Ginin Kafin a Biya Kuɗi?

Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni irin su Gwange da Fori da Shehuri, har ya shiga fadar Shehun Borno da Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Shekara talatin kafin nan, watau a 1994, an ga irin wannan ambaliya daga wannan madatsar. Ruwa ya janye, masu gidaje sun yi yaɓe sun shafa fenti, wasu gidajen kuma sun shiga hannun dillalai fes da su. Abin tambaya ga ɗan kasuwar da zai zuba jarinsa a irin wannan gida shi ne, wane ne zai gaya masa abin da ke ƙarƙashin fentin?

Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin wannan matsala. A 1970 George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya yi bayanin abin da ke faruwa a kasuwar tsofaffin motoci, inda mai sayarwa ya san aibin hajarsa, mai saye kuwa bai sani ba. Kasuwar gidaje ta fi wannan haɗari, domin mota ana iya gwada ta a kan titi, gida kuwa sai damina ta kankama yake faɗin gaskiyarsa. A Maiduguri, inda kwararar 'yan gudun hijira da zuwan ƙungiyoyin agaji suka ƙara wa gidaje daraja, mai saye yakan yi gaggawa don gudun kada wani ya riga shi, a nan ne kuma ake yin asara.

A Amurka duba gida kafin saye sana'a ce mai zaman kanta. A Nijeriya aikin a rarrabe yake tsakanin ƙwararru, kowanne da hukumar da ke yi masa rajista. Ƙarfin gini, watau harsashi da ginshiƙai da rufin kankare, aikin injiniyan gine-gine ne mai rajista da hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970. Ingancin aikin hannu da kayan da aka yi amfani da su na ƙwararren magini ne mai rajista da CORBON, wadda aka kafa a 1989. Ƙiyasta darajar gida a kasuwa kuwa na masu rajista da ESVARBON ne, wadda dokarta ta fito a 1975. Galibi mutane sukan cakuɗa waɗannan. Mai ƙiyasi zai iya cewa gida ya kai naira miliyan kaza, amma ba shi ne zai yanke hukunci a kan tsagewar bango ba. Ga gidan da ruwa ya taɓa shiga, injiniya ne na farko.

Yadda ake zaɓensa ba wuya. A nemi lambar rajistarsa, a tabbatar da ita a wurin hukumar, a kuma tambaye shi gidaje nawa ya duba a cikin garin nan, domin ƙasar da ke kusa da kogin Ngadda ta bambanta da ta tudu. Sharaɗi mafi girma, a ganin wannan marubuci, shi ne mai saye ya nemo shi da kansa, ya biya shi daga aljihunsa, kuɗin da aka yanke tun farko, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Dillali la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, saboda haka birkilan da zai kawo ya ƙwanƙwasa bango ya ce lafiya lau, ba shaida ba ne. Wannan ba zargin dillalai ba ne. Haka tsarin biyansu yake.

Ƙwararre na gaske ba ya gama duba gida a rabin sa'a. Zai bi gindin bango da na'urar auna danshi, ya nemi farin gishirin da ke fitowa a jikin bulo bayan ya sha ruwa. Zai bambanta siririyar tsagewar yaɓe, wadda ba ta da illa, da wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, domin ita takan nuna harsashi ya zauna. Zai duba ko rodi ya yi tsatsa ya fara fasa kankare, ya hau cikin silin ya ga ko gara ta ci katako, ya gwada wayoyin lantarkin da suka jiƙe, ya auna tazarar da ke tsakanin ramin masai da rijiya. Bayan hunturu ya busar da bango wasu alamun sukan ɓace, don haka yana da kyau a tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya a 2024. Su ba su da la'ada a cinikin.

A ƙarshen aikin a karɓi rahoto a rubuce, da hotuna da sa hannu da hatimi, tare da ƙiyasin kuɗin gyara. Wannan takarda ita ce makamin ciniki: in gyara zai ci miliyan biyu, sai a nemi a rage su daga farashin, in kuwa harsashi ne ya lalace, gara a haƙura da gidan.

Saura takardu, wanda aikin lauya ne da safiyo. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce wanda ke da takardar mallaka ta gwamnati ba zai sayar ba sai da amincewar gwamna. A Borno hukumar BOGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, a can ake tabbatar da sunan mai gida da ko an jinginar da gidan a banki. A kuma bincika a hukumar tsara birane ta jiha ko ginin yana kan hanyar ruwa, domin wanda ya sayi irin wannan gida, rusau ɗin da zai zo a kansa zai faɗa.