Hoton da ya fi ƙarfin wayar mai saye

Maginan tukwane na Mirriya, garin da ke kimanin kilomita 18 gabas da Zinder, da masu lambu da ƙungiyoyin mata masu neman kasuwa a nesa, idan suka biya wani matashi ya buɗe musu shafin intanet, abin da suka fi dubawa shi ne kyawunsa a kan kwamfutar mai aikin, alhali mai saye da ke Maraɗi ko Yamai ko Kano da waya zai buɗe shi, ta layin Airtel ko Moov ko Zamani, kuma duk hoton da ya sauka, daga kuɗin intanet ɗinsa ake cirewa.

Mai aikin yakan fara zana shafin baki ɗaya a manhajar gyaran hoto irin su Photoshop ko GIMP, wadda kyauta ce, sannan ya yanka zanen, wato ya ware tambari da maɓallai da hotunan kaya daban-daban, daga bisani ya fitar da su, ma'ana ya ajiye kowane yanki a matsayin fayil ɗin da shafin zai riƙa kira. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da manhajar Fireworks ta fito a 1998, an saba yanka shafi sukutum a jera gutsattsarinsa cikin gidajen jadawali, dabarar da ta dace da allon kwamfuta mai faɗi ɗaya, amma a ƙaramin allon waya gutsattsarin kan rabu ko su ƙanƙance har rubutu ya ƙi karantuwa. Wanda har yau yake aiki haka, tsohon yayi yake sayarwa da kuɗin sabo.

Babbar ɓarnar dai a wajen fitarwa take. Hoton da wayar zamani ta ɗauka yakan kai faɗin pikisel 4000, pikisel kuwa shi ne ɗigon launi mafi ƙanƙanta a hoto, nauyinsa kuma ya kai megabait 3 ko fiye, alhali faɗin pikisel 1200 ya wadatar, kuma idan an matse shi da kyau da wuya ya wuce kilobait 300. Shafin da aka jibga wa hotuna goma ba tare da ragewa ba zai iya cinye megabait 30 kafin mai saye ya ga farashin randa ɗaya, kuma inda layi ke da rauni, rufewa zai yi ya tafi. Tsarin JPEG, wanda aka daidaita a 1992, shi ya dace da hoton kaya da na mutane, sai dai yana zubar da wani abu na ingancin hoto duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa, shi ya sa hoton da ya sha hannu yake dusashewa. PNG na 1996 ba ya zubar da komai, yana kuma barin bayan tambari fayau, amma yana da nauyi ga hoton kyamara. WebP da kamfanin Google ya fitar a 2010 yakan fi su sauƙi.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta shafi Hausa kai tsaye, domin wasu masu zane, idan salon rubutun da suka zaɓa ba shi da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sai su mayar da rubutun hoto, ta yadda injin bincike ba ya gane shi yadda ya kamata, manhajar da ke karanta wa makafi shafi ta tsallake shi, mai saye kuma ba ya iya kwafe lambar waya. Haruffan nan duk suna cikin tsarin Unicode, saboda haka canza salon rubutu ne maganin, a bar farashi da lamba a matsayin rubutu na gaske.

Hoton waya yakan ɗauko ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF, wanda ke nuna ranar ɗauka da irin wayar, wani lokaci har da ainihin wurin da aka tsaya, don haka hoton tukwanen da aka ɗauka a tsakar gida zai iya nuna wa baƙo gidan idan ba a goge bayanin ba wajen fitarwa. Kafin a biya cikon kuɗin aiki, ya kamata mai shafi ya buɗe shi a wayarsa, ya kuma karɓi fayil na asali, PSD na Photoshop ko XCF na GIMP, domin in babu shi, gyaran tambari ko na launi sai an sake zanen tun daga farko.