Zalɓe da guza sun koya mini darasi a Karaye

Jama'a, bara na zuba 'ya'yan tarwada a ramina, ba nisa da madatsar ruwan Challawa da aka kammala a 1992. Abinci ba fashi, amma kifi sai raguwa yake. Wani dattijon masunci daga Rogo ya ce, "Ɗana, yi sammako ka zauna bakin ramin." Da asuba sai ga zalɓe yana tsintar su ɗai-ɗai. Da hantsi guza ya sulalo daga ciyawa. Ashe ɓarayina maƙwabta ne! Na share ciyawar, na rufa raga a sama, na kewaye da waya, asara ta tsaya. Kafin ka zuba kifi, fara lura da masu ziyartar ruwanka.